Ajin Xinjiang: Ilimin da ake biya da harshen uwa

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, jiragen ƙasa na musamman kan tashi daga Urumqi, babban birnin yankin Xinjiang da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, maƙare da yara 'yan shekara 15 zuwa 16. Da yawansu 'yan ƙabilar Uygur ne, Musulmi, 'ya'yan manoma daga ƙauyukan Kashgar da Hotan. Sun ci jarrabawar da dubban takwarorinsu suka faɗi, ladan da suka samu kuwa shi ne gurbi a wasu daga cikin makarantun sakandare mafiya kyau a ƙasar, a birane irin su Beijing da Shanghai da Guangzhou. Tafiyar ba ta kusa ba ce, domin Kashgar ya fi kusa da Bagadaza a kan Beijing. Yaron da ya hau wannan jirgi ba zai sake ganin mahaifiyarsa ba sai dogon hutun ƙarshen shekarar karatu ya zagayo.

Wannan shiri, da aka fi sani da Ajin Xinjiang, ya fara ne a shekarar 2000 da ɗalibai 1,000 a birane 12 na gabashin ƙasar. An kwaikwaye shi daga irin wanda aka buɗe wa yaran Tibet tun 1985. Zuwa tsakiyar shekarun 2010, waɗanda ake ɗauka sun kai kusan 10,000 a shekara, a makarantu fiye da 90. Yadda aka tsara shi tun farko, karatun na shekara huɗu ne: shekara ɗaya ta share fage, inda ake goge wa yaro Sinanci, sannan shekara uku na babbar sakandare. Akwai 'yan Kazakh da Hui da ɗan kaso na 'yan ƙabilar Han masu rinjaye a ƙasar, amma 'yan Uygur ne suka fi yawa, kuma su ne ainihin waɗanda aka yi abin dominsu.

Adalci shi ne a fara da faɗin abin da shirin ya ba su, domin ba kaɗan ba ne. Kudancin Xinjiang na cikin yankunan da suka fi talauci a ƙasar Sin. Gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin karatu da abinci da wurin kwana, kuma an ce a fifita 'ya'yan manoma da makiyaya. Idan lokacin jarrabawar shiga jami'a ya zo, wadda ke hana miliyoyin iyalai barci a faɗin ƙasar, ana ware wa ɗaliban wannan aji gurabensu daban. Manomin auduga da ke bayan Hotan, wanda aka ce masa 'yarsa za ta iya zama likita ko injiniya ba tare da ya sayar da gonarsa ba, ba shi da laifi idan ya yi murna. Duk wanda ya zarge shi da sayar da asalinsa bai san zafin rasa kuɗin makaranta ba. Shi ya sa iyaye ke rububin guraben, kuma masu nema kan ninka waɗanda ake ɗauka sau da yawa.

Matsalar tana ga abin da ake karɓa a bakin ƙofa. Da Sinanci ake koyar da kowane darasi, harshen Uygur kuwa ba ya cikin manhaja. Masu bincike da suka zauna da tsofaffin ɗaliban sun bayyana cewa an haramta salla da azumi a makarantun, kuma wanda aka kama yana iya fuskantar kora. An tanadar musu ɗakin cin abinci na halal, an kuma bar su su yi bikin Babbar Salla, sai dai bikin na ci da sha ne da kiɗa da rawa, babu zuwa masallacin idi. Lokacin sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, sa'ad da sauran ɗalibai ke komawa gida, su a makaranta suke zama, wasu a kai su gidajen 'yan Han su yi bikin tare. Hatta agogo sai yaro ya gyara. Ƙasar Sin, duk faɗinta, lokaci ɗaya take bi a hukumance, wato na Beijing, alhali 'yan Uygur sun saba da nasu lokacin da ke baya da awa biyu.

Gwamnati ba ta ɓoye manufarta ba. Tana so ta reni wasu zaɓaɓɓu daga cikin tsirarun ƙabilu, masu Sinanci a baki da biyayya ga Jam'iyyar Kwaminis a zuciya, waɗanda za su koma Xinjiang su riƙe ofisoshi da makarantu. A 2014 Shugaba Xi Jinping ya ce yana so ƙabilun ƙasar su manne wa juna kamar 'ya'yan rumman. Lissafin dai shi ne na icce, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun kafin a ƙirƙiro wannan aji, al'ummar Uygur ta riga ta rabu gida biyu a kan karatu. Akwai waɗanda suka yi makaranta da harshensu, akwai kuma waɗanda suka yi da Sinanci, da ake kira minkaohan. A hukumance ƙabilu 13 ake lissafawa a matsayin tsofaffin mazauna Xinjiang, saboda haka sai jama'a suka laƙaba wa waɗannan masu karatun Sinanci sunan ƙabila ta 14. Raha ce, amma mai ciwo. Saurayin da ya fi iya rubuta Sinanci a kan rubutun Uygur mai haruffan Larabci, wanda kan yi tuntuɓe idan dattawa suka jefo karin magana a wurin walima, ya zama jemage a garinsu, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ajin Xinjiang ya ɗauki wannan tsohuwar ɓaraka ya ƙara mata nisan dubban kilomitoci.

To, sai dai abin da ya fito daga makarantun ba shi ne aka shuka ba. Wani masani mai suna Yangbin Chen, wanda ya yi bincike a ɗaya daga cikin makarantun kuma ya wallafa littafi a 2008, ya tarar cewa yaran Uygur sun ƙara ƙanƙame juna ne a can. Da harshensu suke hira a ɗakin kwana, tare suke cin abinci, su suke lallashin wanda kewar gida ta kama. Wani masanin ɗan Amurka, Timothy Grose, ya shafe shekaru yana bibiyar gommai daga cikin waɗanda suka kammala, ya fitar da nasa littafin a 2019. Ya tarar da yawansu sun fito suna jin su Uygur ne fiye da yadda suka shiga. Wasu sai da suka isa jami'a a Beijing, inda sa ido bai kai na Xinjiang tsanani ba a wancan lokaci, sannan suka fara salla da karatun Alƙur'ani. Wasu suka ƙi komawa yankin da aka rene su domin su yi wa aiki, suka nemi hanyar fita waje. Reshe ya juye da mujiya.

Ba abin mamaki ba ne. Yarinyar da ta taso a ƙauyen da kowa Uygur ne ba ta da dalilin tsayawa ta tambayi kanta ko ita wace ce. Ranar da ta sauka a Shanghai aka fara kallon fuskarta ana tambayarta daga wace ƙasa ta zo, ranar ce ta san amsar. Ga kuma abin da ke jiran ta bayan ta karɓi takardar digiri. An sha ba da labarin otal-otal a biranen gabas da ke cewa babu ɗaki da zarar sun ga katin shaida daga Xinjiang, musamman bayan rikicin Urumqi na watan Yulin 2009, wanda hukuma ta ce ya ci rayuka 197. A cikin Xinjiang ɗin ma an ga tallace-tallacen aiki da ke rubuta ƙarara cewa 'yan Han ake nema. Makaranta ta ce mata ita da ɗan Han duk ɗaya ne, mai otal kuma ya nuna mata ba haka ba ne. Ba sai an faɗi wanda za ta fi gaskatawa ba.

Mai karatu a wannan yanki namu na duniya ba baƙo ba ne ga wani ɓangare na labarin. Faransa ta gina makarantar William Ponty a Senegal domin ta samu malamai da akawu masu biyayya, sai ga shi daga cikinta aka samu Diori Hamani da Modibo Keita, shugabannin farko na Nijar da Mali. Kwalejin Katsina ta Turawan Ingila ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma kamar da wane ba ta wane. Waɗancan su ne masu rinjaye a ƙasashensu, kuma baƙon da ya gina makarantar ya tattara ya tafi. 'Yan Uygur, bisa ƙidayar 2020, sun kai miliyan 11.6 a Xinjiang, wato ba su cika kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar Sin ba. A yankinsu ma 'yan Han, da ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba a 1953, yanzu sun haura kashi 40. Babu wata ranar da ake jira mai makarantar ya tafi. Dole ɗan Uygur mai ilimi ya nemi wurin zamansa a cikin wannan gida, kuma a nan ne ya kamata a duba ko gidan ya cika alƙawarinsa.

Alƙawarin shi ne: ka koyi harshenmu, ka yi fice a makarantunmu, ka bi doka, za a karɓe ka. Akwai mutanen da suka cika nasu ɓangaren tun kafin a buɗe Ajin Xinjiang, kuma su ne abin koyin da yaran ke kallo.

Ilham Tohti ɗan garin Artush ne. Ya yi karatu da Sinanci har ya zama malamin tattalin arziki a jami'ar ƙabilu da ke Beijing. A 2006 ya buɗe shafin intanet domin 'yan Han da 'yan Uygur su riƙa jin ta bakin juna. Bai taɓa kiran a ɓalle ba, a fili ma ya yi adawa da hakan. Abin da ya riƙa nema shi ne a aiwatar da dokar cin gashin kan yankunan ƙabilu ta 1984, wadda gwamnati da kanta ta rubuta. A watan Janairun 2014 aka kama shi, a watan Satumba kotu a Urumqi ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai bisa zargin neman ɓallewa, bayan shari'ar kwana biyu. Ɗalibansa bakwai ma aka ɗaure su.

Rahile Dawut ta yi digirinta na uku a Beijing, ta zama farfesa a Jami'ar Xinjiang, kuma ta daɗe tana cikin Jam'iyyar Kwaminis. Aikinta shi ne yawo ƙauye-ƙauye tana tattara tarihin hubbaren waliyyai da waƙoƙi da labaran gargajiya na mutanenta. A watan Disamban 2017 ta ɓace. Sai a Satumban 2023 wata gidauniya mai suna Dui Hua da ke Amurka ta tabbatar, daga majiyar gwamnatin Sin, cewa ita ma ɗaurin rai-da-rai aka yi mata. Shugaban jami'ar tasu, Tashpolat Tiyip, masanin ƙasa da ya yi digirinsa na uku a Japan, shi ma a 2017 aka daina ganinsa, daga baya hukuma ta ce batun cin hanci ne. Sattar Sawut kuwa shi ne tsohon shugaban sashen ilimi na yankin baki ɗaya. A 2021 aka sanar cewa an yanke masa hukuncin kisa da aka jingine na shekara biyu, kuma babban abin da aka tuhume shi da shi littattafan koyar da harshen Uygur ne, waɗanda makarantun gwamnati suka yi shekara da shekaru suna amfani da su da izinin hukuma.

Akwai sunan da jam'iyya ta ba irin waɗannan mutane: masu fuska biyu. Wannan suna ya tona asirin shirin gaba ɗaya. An ɗauko yaro an ce ya zama gada tsakanin al'umma biyu, ita kuwa gada dole ta taɓa gaɓa biyu. Da ya girma yana magana da harshe biyu, yana jin zafin mutanensa yana kuma yi wa gwamnati aiki, sai aka ce ai wannan shi ne laifinsa. Ɗalibar da ke zaune a aji a Hangzhou, wadda ta san abin da ya sami farfesoshin da ake yi mata misali da su, ta riga ta gane cewa takardar shaida ba garkuwa ba ce.

Beijing na da amsarta, kuma ya kamata a saurare ta. Ta ce ta fuskanci ta'addanci na gaske, kamar harin wuƙaƙe na tashar jirgin ƙasa ta Kunming a watan Maris na 2014 da ya kashe mutum 31. Ta ce wuraren da duniya ke kira sansanonin tsare mutane cibiyoyin koyon sana'a ne, kuma an rufe su a ƙarshen 2019. Ta ce babu ƙasar da ba ta koyar da harshenta na ƙasa, kuma wanda bai iya Sinanci ba ba zai samu aiki a ƙasar Sin ba. Wannan batu na ƙarshe gaskiya ne, kuma iyayen Uygur sun fi kowa saninsa, shi ya sa suke tura 'ya'yansu. Babu mai hankalin da ya ce kada a koyar da Sinanci. Tambayar ita ce me ya sa koyon wannan sai an zubar da wancan, kuma me azumin yarinya 'yar shekara 16 ya haɗa da harin Kunming. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba kowace ƙabila 'yancin amfani da harshenta da rubutunta da bunƙasa su. Ofishin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, a rahoton da ya fitar ranar 31 ga Agustan 2022, ya ce yadda aka riƙa tsare 'yan Uygur da sauran Musulmi na iya kai wa ga laifukan cin zarafin bil'adama.

Tarihin yankin kansa ya nuna akwai wata hanyar. Kusan shekara dubu da suka wuce, wani malami da ake kira Mahmud al-Kashgari ya bar ƙasarsu ya tafi Bagadaza, cibiyar ilimi ta zamaninsa. Ya ƙware a Larabci, harshen sarauta da karatu na lokacin, sannan ya yi amfani da shi ya rubuta Diwan Lugat al-Turk a shekarun 1070, ƙamus na harsunan Turkawa mai ɗauke da karin maganarsu da waƙoƙinsu, ya miƙa wa halifan Abbasiyawa. Zuwa babban birni bai raba shi da harshen gida ba, a can ma ya daraja shi. Hubbarensa na Opal, kusa da Kashgar. Irin aikin da Rahile Dawut ke yi ke nan lokacin da aka ɗauke ta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, abin da a da ya tsaya ga 'yan tsirarun haziƙai da suka nemi gurbi da kansu, yanzu ya zama hanyar kowa. Tun 2002 Jami'ar Xinjiang ta mayar da mafi yawan darussanta zuwa Sinanci. A 2004 aka buɗe azuzuwan kwana na ƙaramar sakandare a biranen yankin, masu ɗaukar yara 'yan kimanin shekara 12. A 2017 aka samu rahoton umarnin da ya hana amfani da harshen Uygur a makarantun gundumar Hotan tun daga ajin renon yara. A shekarar ce kuma 'yan sandan Masar suka kama ɗaliban Uygur da dama, ciki har da na Azhar, aka tasa ƙeyar wasu zuwa gida, wato ƙofar neman ilimi a waje ma ta rufe. A Satumban 2023 wasu ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna damuwa kan yadda makarantun kwana ke yaɗuwa a Xinjiang suna raba ƙananan yara da iyayensu, har da waɗanda iyayen nasu ke tsare. Ɗalibin Ajin Xinjiang na farko yakan iso makaranta da harshensa cikakke a baki, ya samu abokan da zai yi hira da su da dare. Wanda aka ɗauka tun yana ɗan shekara shida ba shi da abin da zai riƙe.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gwamnatin da ta shimfiɗa layin dogo mai gudun tsiya daga Lanzhou zuwa Urumqi ba. A sa harshen Uygur da adabinsa cikin manhajar waɗannan makarantu a matsayin darasin da ake jarrabawa a kansa. A bar yaron da ke son yin salla da azumi ya yi. A hukunta mai otal ko mai ɗaukar aiki da ya kori mutum saboda katin shaidarsa. A saki malaman da laifinsu bai wuce rubutu da koyarwa ba.

Akwai kuma abin da ya rage wa ƙasashen da ke kiran kansu aminan Sin. A watan Yulin 2019 Najeriya na cikin ƙasashe 37 da jakadunsu suka sa hannu a wasiƙar yaba wa manufofin Beijing a Xinjiang, tare da Saudiyya da Masar da Pakistan da Kamaru da Sudan. A Oktoban 2022, da aka nemi kwamitin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tattauna rahoton nan kawai, ƙuri'a 19 suka kayar da 17, kuma cikin masu cewa a'a akwai ƙasashen Musulmi irin su Indonesiya da Ƙatar da Pakistan. Bashin gina layin dogo da tallafin karatu da ɗaliban Afirka ke samu a jami'o'in Sin ba su isa su hana jami'an Abuja yin tambaya ɗaya ba, ko da a bayan labule ne: ina Ilham Tohti yake, kuma yana raye? Majalisar Tarayyar Turai ta ba shi lambar yabo ta Sakharov a 2019, 'yarsa Jewher ce ta karɓa a madadinsa. Ta ce rabon danginsu da a bar su su gan shi tun 2017.